MAJIMFA DA 'YAN GIDANSU: GABATARWA GA ZURIYAR TEFROSIYA

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, idan aka ambaci tsire-tsire dangin wake, abin da yakan fara zuwa zuciyarka shi ne wake, gyaɗa, gurjiya da waken soya. Wataƙila ka ƙara da ɗorawa, gawo da tsamiya. Duk waɗannan 'yan dangi ɗaya ne, amma dangin ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba, domin masana sun ƙidaya ire-irensa fiye da 19,000 a duniya. Da yawansu suna tsirowa a bakin gonarka, kana nome su kana zubarwa ba tare da ka san amfaninsu ba.

Wannan kasida za ta gabatar maka da zuriya guda daga cikin wannan dangi, wadda masana ke kira Tephrosia, mu kuma za mu riƙa rubuta ta Tefrosiya. Fitacciyar 'yar wannan zuriya ita ce majimfa, wadda wasu ke kira magimfa. Mafi yawan mutane ba su san ta da komai ba sai kashe kifi. Alhali tana gyara ƙasar da ta gaji, kuma ganyenta maganin ƙwari ne. Sai dai tana da haɗari na gaske ga wanda ya yi sakaci da ita. Za mu ɗauki Ushafa da kewayenta, a Ƙaramar Hukumar Bwari ta Babban Birnin Tarayya, a matsayin misali, saboda amfanin da haɗarin duk sun haɗu a wannan wuri.

Matsayinta a cikin tsire-tsire

Masana sun jera tsire-tsire kamar yadda ake jera mutane. Akwai dangi, a cikin dangi akwai zuriya, a cikin zuriya kuma akwai iri. Kowane tsiro yana da suna biyu: na farko sunan zuriya, na biyu sunan iri. Zuriyar Tefrosiya tana da ire-ire kimanin 350, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi, musamman Afirka, Ostareliya da nahiyar Amurka. Wani masani mai suna Persoon ne ya raɗa wa zuriyar wannan suna a shekarar 1807, daga kalmar Girkanci mai nufin launin toka, saboda lallausan gashin da ke jikin ganyen yakan sa a gan shi toka-toka.

Sunan majimfa na kimiyya shi ne Tephrosia vogelii, kuma sunan yana da alaƙa da ƙasar nan. A shekarar 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku su shiga kogin Kwara. A cikin ayarin akwai wani Bajamushe masanin tsire-tsire, Theodor Vogel, wanda ya tattara samfurori masu yawa. Zazzaɓi ya hallaka mutane da dama daga cikin ayarin, shi ma Vogel ya rasu a tsibirin Fanando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko, a watan Disamba na wannan shekara. Da aka wallafa bayanin tsire-tsiren da ya tara a shekarar 1849, sai Joseph Hooker ya sa wa wannan tsiro sunansa. Ba Vogel ne ya gano ta ba, domin mutanen Afirka sun daɗe suna shuka ta a bayan gidajensu. Daga baya likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa a littafin da ya fito a 1916, sannan ya yi bayanin amfaninsu a wani littafin a 1937.

Yadda za ka gane 'yan wannan zuriya

Akwai alamu huɗu da za su taimake ka:

1. Ganye: ƙananan ganyaye ne jere biyu-biyu a kan sanda guda, da guda ɗaya tilo a can ƙarshe. Bayan ganyen yana da gashi mai laushi.

2. Jijiyoyin ganye: suna da yawa, a miƙe, a jere kusa da juna, sun karkata zuwa tsinin ganyen. Ka kama ƙaramin ganye da hannu biyu ka ja shi ta tsawo. Idan ɗan Tefrosiya ne, zai tsinke ya bar tsaga mai baki biyu kamar gindin kibiya. Wannan ita ce alama mafi sauƙi a gona.

3. Fure: siffarsa irin ta furen wake ce. Launinsa fari, ko ruwan hoda, ko shunayya, wani lokaci ja.

4. Kwanso: dogo ne, shimfiɗaɗɗe, mai gashi. Idan ya bushe yakan tsage ya murɗe ya watsar da 'ya'yansa.

Kada ka rikita su da baba, wanda ake rini da shi, domin jijiyoyin ganyen baba ba su fito fili haka ba. Haka nan akwai wata zuriya mai suna Crotalaria wadda kwansonta kumburarre ne, yana ƙara kamar caki idan ya bushe. Ita ma dabam take.

Ire-iren da ya kamata ka sani

Majimfa, wato Tephrosia vogelii. Ƙaramar bishiya ce mai rassa da yawa, tsayinta daga mita 1 zuwa 4. Rassa da kwanso suna lulluɓe da gashi mai ruwan ƙasa. Furenta manya ne, farare ko masu shunayya. Tsawon kwanso yakan kai santimita 10 ko fiye, 'ya'yan kuma baƙaƙe ne ko masu duhun ruwan ƙasa. Ba ta daɗewa, 'yan shekaru kaɗan take yi ta mutu. Dabbobi ba su cika cin ta ba.

Maraguwa, wato Tephrosia purpurea. Gajeriya ce, ba ta cika wuce ƙugun mutum ba, furenta ƙanana masu shunayya. Tana jure fari da jigawa, shi ya sa aka fi ganin ta can arewa. A ƙasar Indiya ana shuka ta a binne ta ɗanya domin ta zama taki.

Tephrosia bracteolata. Ciyawa ce ta damina, doguwa siririya mai siraran ganyaye, tana fitowa da kanta a saura da gefen hanya a yankinmu. Awaki da tumaki suna cin ta, kuma masu kiwo sukan yanko musu.

Tephrosia candida. Asalinta daga Indiya ne, furenta fari. Ana shuka ta domin gyaran ƙasa da yi wa ƙananan shuke-shuke inuwa. Tana kama da majimfa ƙwarai, har masana sun taɓa rikita su.

Darasin da ke nan shi ne, zama 'yan gida ɗaya bai sa halinsu ya zama ɗaya ba. Wata abincin dabba ce, wata kuwa dafi ce. Kada ka ba dabbarka wadda ba ka tabbatar da ita ba.

Amfani na farko: gyaran ƙasa

A da, manomin wannan yanki yakan noma gona 'yan shekaru, ya bar ta saura ta huta, ya sari wata. Tun da aka ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, gine-gine suka riƙa cin filayen noma a Ushafa, Dutse da Bwari. Gonar da ta rage ana noma ta kowace shekara babu hutu. Wurin kuma na duwatsu ne da gangare, ruwan sama yana wanke ƙasar sama ya tafi da ita. Sakamakon shi ne masara mai ɗorawar ganye, da yawaitar wuta-wuta da tofa, ga takin zamani ya yi tsada.

A nan ne majimfa za ta taimaka. Kamar sauran dangin wake, saiwarta tana da ƙananan ƙululai inda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke zaune. Su ne ke ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin tsiro. Ka tuge ƙaramin tsiro a hankali, ka tsaga ƙululu guda da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, ana aiki. Idan fari ne ko kore, ba a yi.

Busasshen ganyen majimfa mai ƙuruciya yana ɗauke da naitirojin kimanin kashi 3 cikin 100. Ke nan tan ɗaya na busasshen ganye yana da kusan kilo 30. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa kilo 23 yake da shi. Amma ka lura da abubuwa biyu. Na farko, ganye sai ya ruɓe yake sakin abin da ke cikinsa, kuma ba duka shuka za ta samu a damina guda ba. Na biyu, majimfa ba ta ƙirƙirar sinadarin fosfaras. Idan ƙasarka ta rasa shi, sai ka sa takin supa ko takin gargajiya, in ba haka ba ita kanta majimfar ba za ta yi kyau ba. Saboda haka ka ɗauke ta a matsayin mai rage maka kuɗin taki, ba mai raba ka da taki gaba ɗaya ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1990 cibiyar binciken noma da itatuwa ta duniya, ICRAF, mai hedikwata a Nairobi, ta yi aiki da manoman gabashin Zambiya da Malawi kan hutar da gona na shekara ɗaya ko biyu da Tefrosiya, kuma masarar da ta biyo baya ta fi wadda aka noma a gonar da ba hutu ba taki. Banda haka, inuwarta tana rage ƙarfin ciyawa, saiwarta tana riƙe ƙasa a gangare, itacenta kuma yakan yi makamashi.

Yadda ake shuka ta

Majimfa tana son ruwan sama daga milimita 850 zuwa sama. Yankin Abuja yana samun tsakanin 1,100 da 1,600 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, don haka ya dace da ita. Tana jure ƙasa mara ƙarfi, amma ba ta son inda ruwa ke kwanciya.

1. Ka tsinko kwanso idan ya bushe amma bai kai ga tsagewa ba. Ka sussuka, ka zubar da 'ya'yan da ƙwari suka huda.

2. Fatar irin tana da tauri. Ka jiƙa shi cikin ruwan ɗumi ya kwana, ka shuka washegari.

3. Ka jira damina ta zauna. Ka sa ƙwaya 2 ko 3 a rami mai zurfin santimita 2 zuwa 3.

4. Idan hutar da gona za ka yi, ka ba da tazarar mita ɗaya kowane gefe. Wannan zai ba ka ramuka 10,000 a hekta guda.

5. Idan ba za ka iya rasa amfanin shekarar ba, ka shuka ta tsakanin layukan masara bayan noman farko. Masara za ta riga ta tashi, bayan girbi kuma sai majimfa ta gaji filin.

6. A gangare, ka shuka ta layi-layi a gicciye, tsakanin tsiro da tsiro rabin mita, domin ta tare zaizayar ƙasa.

7. Tana tashi a hankali da farko, saboda haka ka nome mata ciyawa a watanni biyun farko.

8. Da rani babban abokin gabanta gobarar daji ce. Ka share gefen gona tun kafin hunturu.

9. Kafin damina ta gaba, ka sare ta, ka bar ganyen ya zube a gona, ka kwashe itacen, ka rufe ganyen a cikin kunya.

Gargaɗi: saiwar majimfa tana renon wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa masu kumbura saiwa. Kada ka bi ta da tumatir, tattasai, kuɓewa, yalo ko taba, kuma kada ka dasa ta a gefen lambun waɗannan. Masara da dawa su ne suka fi dacewa su biyo bayanta. Ƙululun naitirojin yana maƙale ne a gefen saiwa, ana iya ɓalle shi da yatsa. Kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne kanta ya kumbura.

Amfani na biyu: maganin ƙwari

Ganyen majimfa yana ɗauke da sinadarai dangin rotinon, waɗanda suka haɗa da digilin da tefrosin. Aikinsu shi ne toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke samun ƙarfi daga iskar da aka shaƙa, sai ƙwaro ya daina ci, ya raunana, ya mutu. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin wake a Tanzaniya da Malawi sun nuna cewa ruwan ganyen yana rage darɓa da wasu ƙwarin masu cin ganye da fure, kuma ɓarnarsa ga ƙwari masu amfani ba ta kai ta maganin kanti ba. Ga yadda ake haɗawa:

1. Ka tsinko ganye ka shanya a inuwa, domin rana tana lalata sinadarin.

2. Ka daka ya yi laushi. Garin zai ajiyu a busasshen wuri mai duhu.

3. Ka zuba kilo 1 na garin a lita 10 na ruwa, ka ƙara sabulun ruwa kamar cokali ɗaya na cin abinci. Sabulun yana taimakawa wajen fito da sinadarin da kuma manna shi a ganye.

4. Ka bar shi ya kwana ya yini a inuwa, sannan ka tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ya toshe bakin injin feshi.

5. Ka yi feshi da yamma lis, ka tabbatar ya taɓa bayan ganye. Abin da ka haɗa ka yi amfani da shi a ranar.

6. Ƙarfinsa yana gushewa cikin 'yan kwanaki, don haka ka duba gona kowane mako ka maimaita idan akwai bukata.

Ba ya kashewa nan take kamar maganin kanti, kuma ba ya kai wa ga tsutsar da ta riga ta shige cikin fure ko kwanson wake. Ka fara tun ƙwarin ba su yi yawa ba.

Akwai wani muhimmin abu da bincike ya gano. A shekarar 2012 masana daga Jami'ar Greenwich da lambun tsire-tsire na Kew a Ingila, tare da takwarorinsu na Malawi, sun wallafa cewa majimfa kashi biyu ce. Ɗaya tana da sinadaran kashe ƙwari, ɗayar ba ta da su, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na samfurorin da suka tara a Malawi na biyun ne. Ido ba ya iya bambance su da tabbas. Kafin ka yaɗa iri, ka yi wannan gwaji: ka sami kwalabe biyu, ka zuba wake da ƙwarin wake masu rai guda ashirin a kowace, ka barbaɗa garin ganye a ɗaya, ka rufe bakinsu da ƙyalle. Bayan kwana uku ko huɗu ka ƙirga matattu. Idan babu bambanci, majimfarka ta gyaran ƙasa ce kawai.

Ana iya cuɗa garin da irin da aka ajiye domin shuka. Waken ci kuwa, mun fi ba ka shawarar buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, domin yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba. Makiyaya a wasu ƙasashe suna wanke shanu da ruwan ganyen domin kaska. Kada ka yi haka sai da shawarar malamin dabbobi, kuma kada a yi wa alade, domin ba ya jure shi.

Haɗari: kifi, ruwan sha da lafiyarka

Kasancewar magani ya fito daga ganye bai sa ya zama mara cutarwa ba. Rotinon yana shiga jinin kifi kai tsaye ta hanyar da yake numfashi, shi ya sa ɗan kaɗan yake hallaka duk abin da ke cikin tafki, babba da ƙarami. Wanda ya zuba majimfa a rafi ya ci kifin yau, ya kuma kashe na baɗi. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa, mai lamba 108 ta shekarar 1992, ta haramta kamun kifi da guba.

A Ushafa lamarin ya fi haka nauyi. Garin yana maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Usuma, wadda aka gina a shekarun 1980, kuma daga nan birnin Abuja ke samun ruwan famfo. Abin da aka zubar a gangare, ruwan sama na iya kai shi rafi, rafi kuma ya kai shi gaba. Akwai kuma masu kiwon tarwaɗa a tafkunan gida, waɗanda bokiti guda zai iya raba su da jarinsu.

Game da lafiyar ɗan Adam, binciken da aka yi kan ɓeraye a 2000, da wanda aka yi kan manoman Amurka a 2011, sun nuna alaƙa tsakanin yawan mu'amala da rotinon da cutar karkarwar jiki ta Fakinsan. Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a gonaki a 2008. Ruwan ganye bai kai tataccen rotinon ƙarfi ba, amma wajibi ne ka kiyaye waɗannan:

1. Ka rufe hanci da baki lokacin daka da feshi. Ka sa riga mai dogon hannu, safar hannu da takalmi.

2. Ka keɓe turmi, bokiti ko tukunya domin wannan aiki kaɗai. Ushafa garin tukwane ne, amma ka tuna tukunyar ƙasa tana tsotse abin da aka zuba mata. Wadda aka jiƙa majimfa a ciki ba za ta koma ta ruwan sha ba har abada.

3. Kada yara, masu juna biyu da masu shayarwa su shiga aikin.

4. Kada ka wanke injin feshi a rafi. Ka binne tukar a rami nesa da rijiya da magudanar ruwa.

5. Kada ka shuka ta a bakin rafi ko kusa da tafkin kifi, kuma kada ka yi feshi idan hadari ya taso.

6. Ka bar aƙalla kwana bakwai tsakanin feshi da girbi, ka wanke amfanin sosai. Ka guji fesa wa alayyafo, latas da sauran ganyayen da ake tsinka kullum.

7. Idan wani ya sha bisa kuskure, a gaggauta kai shi asibiti tare da samfurin ganyen.

Kammalawa

Shawararmu ita ce ka fara da kaɗan. Ka zaɓi ɓangaren gonarka da ya fi gajiya, ka auna mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, ka shuka ramuka 100 a wannan damina. Baɗi ka shuka masara a wurin, ka shuka irinta a gefensa a rana guda, ka yi musu hidima iri ɗaya, sannan ka auna abin da kowane ɓangare ya bayar. Ka rubuta ranakun shuka, sara da girbi. Idan ka ga riba sai ka faɗaɗa, ka kuma ajiye wa maƙwabcinka iri daga bishiyar da ka gwada ka tabbatar. Idan kana shakkar tsiron da ka samu, ka yanko reshe mai ganye, fure da kwanso, ka kai wa malamin gona na yankinka ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Babban Birnin Tarayya domin a tantance maka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.